Allurar Mai Ta Yi Ƙasa

Da hantsi mijin ƙanwar wani bakanike ya shigo garejinsa da wata baƙar mota mai turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, wadda bakaniken bai taɓa gani a hannunsa ba. Dogo ake ce masa, direba ne mai yawan barkwanci, amma ranar gaisuwa kawai ya yi ya miƙa makulli.

"Yaya, in na taka ta sosai sai ta riƙa shaƙewa. Kuma mai ita yana so a ƙara mata iska."

"Wa ke da ita?"

Dogo ya nuna waje da haɓa. Wani mutum mai tabarau na zaune cikin mota a tsallaken titi, ko waiwayowa bai yi ba.

Bakaniken ya haɗa agogon awo a bututun mai, suka fita babban titi gwaji. Ana tafiya a hankali allura na tsaye daram. Da ya sa giya ta uku ya danna totur, turbo ya fara fito, iska na ƙaruwa, allurar mai kuwa maimakon ta hau tare da ita sai ta yi ƙasa. Injin ya yi ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Nan take ya ɗaga ƙafa.

"Ka ji ko? Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Haka fistin inji ke narkewa."

Da suka dawo ya canza matatar mai, ya duba wayoyin famfo, duk lafiya. Sai ya shiga ramin duba ƙasan mota da tocila. An yanke tankin mai kusan rabi an yi masa walda, famfon mai yana kwance a karkace, shi ya sa yake zuƙar iska. A gurbin da aka yanke an ɗaure akwatin ƙarfe da sababbin kusoshi.

Ya fito yana goge hannu. "Me ake ɗauka a ciki?"

"Ban tambaya ba, Yaya."

"Ƙanwata ta sani?"

"Ta san na samu aiki."

Ba su ji shigowar mai tabarau ba, sai ganinsa suka yi a gaban injin. Ya yi sallama cikin ladabi, ya tambayi yadda ake ciki.

"Yallaɓai, zan miƙar da famfon, amma da wannan tankin ba zan ƙara iska ba. Rage ta ma zan yi."

Mutumin ya taɓa wani siririn tiyo da yatsa. "Wannan ne ke buɗe bawul ya saki iska in ta yi yawa, ko? In aka cire shi fa?"

"Turbo zai yi ta turawa ba iyaka. Minti biyu ko uku, inji ya mutu."

"Wani lokacin minti biyu ya isa," in ji shi, yana kallon Dogo.

Bakaniken ya miƙar da famfon, ya rage iskar, ya bar tiyon a wurinsa. Kafin Dogo ya tayar, ya riƙe masa ƙofa. "Ka mayar masa da makullin, ka zo ka zauna nan, ba za mu rasa abin ci ba."

"Zuwa ɗaya ne, Yaya. Na riga na amsa."

Kwana uku bayan haka ƙanwar ta zo garejin, idonta a kumbure. Dogo bai kwana gida ba tun ranar. Kafin azahar 'yan sanda suka zo suka ɗauki bakaniken zuwa wata hanyar bayan gari. Motar na gefen kwalta, ƙofar direba a buɗe, mai ya malale a ƙasa. An cire tiyon, an ɓalle akwatin, babu kowa. Suka tambaye shi ko ya san mai motar. Ya faɗi abin da ya gani, suka rubuta, suka sallame shi.

Da ya koma garejin ya tarar da ƙanwarsa zaune kan tsohuwar taya inda ya bar ta.

"Yaya, ai kai ka gyara ta, ko? Ba za ta bar shi a hanya ba."

Bai kai ga amsawa ba wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mai tabarau ce, a natse take.

"Gobe za a kawo maka wata. Wannan karon kai za ka yi mata tankin."

Ya sauke wayar. Ya ce wa ƙanwarsa ta ɗebo yara daga makaranta ta wuce gidan Mama kai tsaye, kada ta biya ta gidanta. Sannan ya ja ƙofar garejin ya kulle, rana tana tsaka.