Ranar da Afiniki Ta Raba wa 'Yan Aji Huɗu Ƙabilu

Afiniki ce ta fi kowa maki a kwas ɗin Dakta Azariya, kuma ba ta bar kowa ya manta da haka ba. Kwas ne a kan yadda malami zai koyar da yaran da suka fito daga ƙabilu da addinai daban-daban a aji ɗaya. Dakta Azariya dogo ne mai sanƙo, yana zuwa kwaleji a garin Gidan Waya kan wani tsohon babur da ake jin tarinsa tun daga bakin get, kuma yana koyarwa kamar mai wa'azin ranar Ista. Duk abin da ya faɗa Afiniki ta rubuta, har da inda ya yi tuntuɓen harshe.

Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, aka tura ta wata firamare a gefen Madakiya, aka ba ta aji huɗu mai yara talatin da takwas. Ita 'yar Kwoi ce, ba ta jin yaren Bajju ko kalma ɗaya, don haka duk yaran iri ɗaya take ganin su. Ta yi sati uku tana koyar da su lafiya, sai saƙo ya shigo wayarta cewa Dakta Azariya ne da kansa zai zo duba ta ranar Alhamis, kuma darasin zaman tare tsakanin ƙabilu yake son gani.

Ta sami Madam Damaris, malamar ajin ta ainihi, zaune a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa.

"Madam, na shiga uku. Ajin nan babu bambanci ko na magani. Duk Kaje ne."

"Bajju," in ji Madam Damaris, ba ta ko ɗaga kai ba. "Ke in an ce maki Jaba, ba kumbura kike yi ba?"

"To, Bajju. Amma me zan nuna wa Dakta? Abokaina da aka kai Kafanchan suna da Ibo da Yarbawa da Hausawa a aji ɗaya. Ni ko guda ba a ba ni ba."

Madam Damaris ta watsa gyaɗa a baki ta ce ita dai shekararta ashirin da biyu tana koyarwa, ba a taɓa tambayar ta Ibo ba.

Ranar Litinin Afiniki ta shiga aji da jakar leda cike da kaya, ta ce wa yaran za a yi wasa. Ta fara raba ƙabilu kamar mai raba biskit. Derrick, wanda ya fi kowa surutu, ya zama Ibo, ta ɗora masa jar hular da ta yanka da kwali. Joanna ta zama Bayarbiya, aka naɗa mata ɗankwalin da Afiniki ke zuwa coci da shi, ya kusa rufe mata ido. Wata 'yar siririya mai suna Miriyam ta zama Babarbariya, saboda ita kaɗai gyalen ya yi wa daidai. Aka sami ɗan Tibi da zanen gado mai ratsin baƙi da fari. Saura suka yi ta kuka su ma a ba su ƙabila, ta ce musu su yi haƙuri, dole wasu su zauna a Bajju.

Kwana uku ana bita. Kowa ta koya masa gaisuwa ɗaya da ta samo a waya, da sunan abinci ɗaya. Derrick ya riƙe nasa har ya wuce gona da iri, don ranar Laraba ya ƙi share aji, ya ce shi baƙo ne a garin.

Alhamis da ƙarfe goma aka ji tarin babur. Dakta Azariya ya shigo, ya gaisa da Madam Damaris, ya je baya ya zauna kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Afiniki ta rubuta kan darasi a allo da rubutu mai kyau, ta ce ajinsu ƙaramar Najeriya ce, ta kira Derrick.

"Kedu," in ji Derrick, ya dafe hularsa. Aka tafa.

Joanna ta fito ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Bawo ni, sa."

Fuskar Dakta ta washe. Abin da Afiniki ba ta sani ba, a ƙasar Yarbawa ya yi bautar ƙasa, ya ƙara shekara huɗu yana koyarwa a can, kuma tun da ya dawo bai sami wanda zai yi yaren da shi ba. Ya miƙe ya zuba wa yarinyar Yarbanci, dogo, mai hawa da sauka, har da tambaya a ƙarshe. Joanna ta dube shi, ta dubi allo, ta juyo wajen Afiniki.

"Anti, ba ki koya mana wannan ba."

  Afiniki na neman abin da za ta ce, sai Derrick ya ɗaga hannu.

"Sa, ni ma ba tun da can nake Ibo ba. Tun Litinin ne."

Dakta Azariya ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa. Madam Damaris kuwa ta fice waje, ana jin dariyarta ta taga. Da ya samu ya natsu, sai ya miƙa hannu ya karɓi alli daga hannun Afiniki, ya ce ta zauna a inda ya tashi.

"Yara, wa ke da mama wadda ba Bajju ba?"

Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Joanna ta ce mamanta Atyap ce, kuma in ta yi fushi da yarenta take zagi don kada babansu ya gane. Wani ya ce tasa daga Kagoro take. Derrick ya ce kakarsa Bafulatana ce, ba ta zuwa coci, amma ita ke dafa musu shinkafar Kirsimeti, su kuma su ci naman Sallarta. 'Yan Katolika da 'yan Baftis suka fara gardamar waɗanda suka fi daɗewa a sujada, sai da Dakta ya buga tebur.

Can baya akwai wata yarinya da Afiniki ta ajiye kusa da bango saboda ba ta taɓa amsa tambaya ba, har ta rubuta a littafinta cewa ba ta da ƙoƙari. Dakta ya tambaye ta da Hausa, ta yi shiru. Ya gwada da Turancin buroka, sai baki ya buɗe. A Legas aka haife ta, bara babanta ya rasu aka dawo da su gida, ba ta jin Hausa, ba ta jin Bajju. Ya ba ta lissafi a allo ta gama kafin ya rufe baki. Afiniki ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Sai Miriyam ta zame gyalen Barebarin, ta ce ita mamanta 'yar Kwoi ce, ta juya ta gaida Afiniki da Ham, yaren mutanen Kwoi, tsaf, har ta faɗi sunan unguwarsu. Layi ɗaya ne da gidan su Afiniki.

A waje, yana ƙoƙarin tayar da babur, Dakta ya ce mata, "Hular kwalin ta yi kyau. Na ba ki maki a kan kayan koyarwa. Saura kuma ki dawo da yarinyar can ta Legas gaba, ki je ki gaida uwarta."

Ta ce, "To, sa," da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Ta dawo da yarinyar benci na farko, ta je gidansu ranar Asabar, ta zauna awa biyu ana ba ta labarin Legas da dafaffiyar masara. A takardar sakamako Dakta ya ba ta makin tsira da ƙyar.

Labari kuwa ya riga ta isa Kwoi. Ranar Lahadi bayan an taso coci mamanta ta kira ta, ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Afiniki, me nake ji? An ce kin mai da jikar Baba Gershon Babarbariya. Matan zumunta sun tsare ni a bakin coci suna tambaya ko haka ake koya maku a makarantar. Ni na ce masu ban sani ba, ban yi boko ba."

Afiniki ta ce za ta yi bayani in ta zo hutu. Mamanta ta ce ta zo da ɗankwalin, don nata ne, aro ta ba ta.