Jan Furen Angustias

Ina zaune a ƙofar gida ina ɓare wake, sai na hango wata mace tana tahowa daga bakin lungu, tana leƙe-leƙe kamar wadda kyanwarta ta ɓata. A watan Mayu baƙi sun fi ƙudaje yawa a Kordoba, kowa yana son ya ga furannin tsakar gidan mutane, shi ya sa ban kula ta ba sai da ta tsaya a kaina.

"Barka da yamma, Donya Fuensanta. Ina fata ban katse miki aiki ba."

Na ɗaga kai. Furfura ta cinye gashin, amma tsayin yana nan, da ƙafafun nan kamar kwale-kwale.

"Budurwa Maryamu! Doguwa, ke ce? Wa ya lalata miki baki haka? Kina magana kamar mai karanta labarai a rediyo!"

Sunanta Solveig, 'yar Norway, amma babu wanda harshensa ya taɓa ɗaukar sunan a unguwarmu, sai muka kira ta Doguwa. Shekara talatin da wani abu ke nan da ta fara zuwa, tana budurwa, ba ta san ko kalmar ruwa da Sifaniyanci ba. Ta kama ɗaki a gidan maƙwabciyata Angustias, gwauruwa marar ɗa, mai baki kamar almakashi. Angustias ta dube ta sama da ƙasa ta ce Allah ya aiko mata da tsani. Ta damƙa mata sandar ban-ruwa, wadda ake ɗaura gwangwani a kanta, ta nuna mata tukwanen furen da ke rataye har kusa da rufi. A nan yarinyar ta koyi harshenmu: zagi da farko, sannan sunayen furanni, sannan wa ya yi wa wa ciki a unguwa. Wannan darasin na ƙarshe ni na koyar, kuma ta fi saurin ɗaukarsa.

Na jawo mata kujera. Ta zauna a ɗofane, idonta yana kan gidan Angustias da ke jikin nawa. An yi masa sabon fenti, an sa masa ƙofar gilashi, baƙi suna shiga da fita da akwatuna.

"Ta tashi ne?" ta tambaya.

"Ta tashi, ɗiyata. Sanyin bara ya tafi da ita. Ɗan ƙanenta, wannan mai tumbin da bai taɓa kawo mata ko lemo ba, ya sayar da gidan tun kyandir ɗin coci bai huce ba."

Ba ta yi kuka ba. Mutanensu ba sa yi a titi. Ta dai sa hannu a kwanona ta fara ɓare waken, kamar jiya ta bari.

"Kullum cewa nake sai bakina ya gyaru zan dawo," in ji ta. "Na je Salamanka, na je Madrid, har Meziko na je. Duk inda na sauka ina ƙara koyo. So nake in tsaya a gabanta in yi magana ba tare da ta yi min dariya ba, in tambaye ta laifin da na yi mata."

"Wane laifi kuma?"

"Ba kya gari ranar da zan tafi, kin je haihuwar ƙanwarki. Akwai jan furen nan na bakin rijiya, wanda ta gada daga uwarta. Na roƙe ta reshe ɗaya in tafi da shi gida. Ta ce min a'a, kai tsaye. Ta ce ba ta ba da furenta. Ta juya min baya ta shige kicin, ta bar ni a tsaye. Na jira, na jira. Ta fito, ta dubi furen, ta dube ni, ta sake komawa ciki tana buga tukwane. Da ta fito na ƙarshe, ko sumbar bankwana ba ta yi min ba. Na ɗauka ni 'yarta ce, ashe 'yar haya ce kawai."

Na ajiye kwanon a ƙasa, don kada ya suɓuce min.

"Doguwa, duk makarantun nan da kika zaga, babu wanda ya gaya miki ba a karɓar kyautar reshe?"

Ta girgiza kai.

"Reshen da aka ba ki hannu da hannu ba ya kamawa, shashasha! Sacewa ake yi. Mai furen ta ce ba ta bayarwa, ta kau da kai, ke kuma ki karya ki cusa a aljihu, kuma kada ki kuskura ki ce kin gode. Duk tukwanen da ke unguwar nan na sata ne. Rabin nawa daga farfajiyar coci suka fito, Fada, limamin cocin, ma ya sani. Me kike tsammani take yi a kicin? Har almakashi ta ajiye miki a bakin rijiyar."

"Na ga almakashin," ta ce a hankali. "Na ɗauke shi na rataye mata a ƙusa, don kada ya yi tsatsa."

Wannan labarin na ji shi daga bakin Angustias ya fi a ƙirga, amma ta ɗaya gefen. Kowane Mayu sai ta tayar da shi: wai ta riƙe 'yar mutane kamar ta cikinta, ta ba ta baya har ƙafafunta suka gaji, amma yarinyar ta raina furen uwarta, ko ganye ba ta tsinka ba. Tana faɗa tana zagi, tana kuma leƙen bakin lungu duk lokacin da wata doguwa ta gifta. Ɗakin ma ba ta sake ba wa kowa ba, ta ce wai yana yoyo. Ƙarya ce, na shiga na duba.

Na gaya wa Doguwa wannan duka, ban rage komai ba. Ni ba a san ni da riƙe magana ba, kuma wannan tata ce. Sai a lokacin ta rufe fuska da manyan hannuwan nan, ɓawon wake yana zuba daga cinyarta.

"Da na dawo da gurguwar maganata," ta ce, "da rana ɗaya ta isa."

"Da ta zage ki tas, ta dafa miki katantanwa. Tashi mu shiga, mutane suna kallo, kuma matar mai burodi ta fi ni baki."

A tsakar gidana, kusa da tulun ruwa, akwai tukunya shuɗiya mai jan fure. Tana ganinsa ta tsaya cak.

"Ranar jana'iza," na ce, "mai tumbin yana can yana karɓar gaisuwa, ni kuma rigar makokina tana da aljihu. Kada ma ki tambaye ni, ba na ba da furena. Ko Fafaroma ne ya zo."

Na shige kicin na ɗora ruwan kofi. Na wanke kofunan da suke a wanke, na buga murfin tukunya yadda za ta ji. Na daɗe, don Doguwa ba ta da saurin ganewa. Can na ji ƙas, ƙarar reshe.

Da na fito tana tsaye, hannunta ɗaya a aljihu, idanunta jajur. Ta buɗe baki.

"Kul!" na ce. "In kika gode min zai mutu."

Ta rufe bakin. Muka sha kofin muna kallon bangon gidan Angustias ta saman katanga, inda har yanzu ake ganin ƙusoshin da tukwane suka rataya.