Shukar Bayan Ƙofar Banɗaki

Kowa a gidan ya san hannun Tela ba ya karɓar shuka. Ɗinki kam, ko idonta a rufe sai ta fitar da wuyan riga, amma duk shukar da ta shigo falonta sai ta yi yaushi ta mutu. Shi ya sa da ƙanwarta ta kawo mata wata mai faɗin ganye a farar tukunya, mijinta ya leƙa ya ce, "Allah ya jiƙan wannan ma."

Bai yi ƙarya ba. Ba a daɗe ba bakin ganyen ya soma ƙonewa. Tela ta ɗauke tukunyar ta tura bayan ƙofar banɗaki, da niyyar in ta samu sarari ta zubar da ƙasar ta riƙa zuba maɓallai a ciki. Aiki ya sha kanta, ta manta.

Wata rana tana wanke banɗakin ta ja ƙofar, sai ga sabon ganye ya fito a naɗe, kore shar. Ta tsuguna tana kallonsa har bokiti ya cika ya zuba.

"Kai kake ba ta ruwa?" ta tambayi mijin.

"Ni ban ma san tana da rai ba."

Abin ya tsaya mata a rai. Ta mayar da tukunyar falo, ganyen ya langaɓe. Ta dawo da ita, ya miƙe. Ta zargi ƙarancin hasken 'yar tagar banɗakin, don haka ta kai shukar ɗakin ɗinki inda haske bai fi haka ba, nan ma ta ƙi. Har ƙasar ta shinshina ko sabulu ne ke zuba a ciki.

Wata safiya tana tsaye da tawul tana jiran surukarta, wadda ciwon gwiwa ya sa ta dawo zama da su, kuma ba ta wanka sai da ruwan zafi. Da tsohuwar ta buɗe ƙofa, tururi ya daki fuskar Tela. Madubi ya yi hazo, ganyen kuwa ya jiƙe da raɓa.

"Mama, kullum haka kike barin wurin nan?"

"Gwiwata nake gasawa, 'yar nan. Na dai lura shukar nan tana jin daɗin zama da ni."

Ran nan Tela ta rufe keken ɗinki da wuri, ta nufi wajen mai sayar da shuke-shuke a bakin titi. "Malam, wacce ce ke son tururi?" Ya yi dariya, ya ce ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba, sannan ya ware mata wata mai yaɗo da wata mai ganye kamar gashin tsuntsu. Ta ƙara da wata mai ƙaya, duk da ya ce ba za ta yi ba. Ita ce kuwa ta ruɓe. Tela ta tumɓuke ta, ta baje saiwar a kan jarida tana juyawa da tsinken ashana, tana son ganin daga ina ruɓewar ta fara.

Sauran suka kama. Mai yaɗon ta sauko daga ƙusar tawul har ta taɓa madubi, mijin ya koma aski a baranda yana gunaguni.

Surukar ce kawai ta kawo ƙorafi na gaske. Ta ce an rataye mai gashin tsuntsun can sama, ba ta ganinta daga kan kujerar wankanta. Tela ta ɗauko guduma ta sauko da ƙusar da shukar ke rataye a kai.