Agogon Fatu

Maijidda ta cusa hannu cikin buhun gero har gwiwar hannu tana lalube, ko mayafin tafiya ba ta cire ba. Ta ciro wani ƙullin tsumma, ta kwance, ta kara agogon a kunne. Shiru. Ta mayar da shi ɗaya kunnen, sai ka ce kunnen ne mai laifi. Nan ma shiru.

"Na'Allah," ta ce da mijinta, wanda ke fama da shigo da babur ta zaure, "ya tsaya."

"Mi yat tsaya?"

"Agogon Baba."

Na'Allah ya jingine babur ɗin nan take, don ya san abin da maganar take nufi.

Baba Ibrahima maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Daga Burkusuma ya zo Sabon Birni, shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane noma. Mai Agogo ake ce masa, amma kada ka kai masa na roba ya sa maka batir, zai dube ka ne kawai har ka ji kunya. Shi tsofaffin agogunan zinariya yake bi, irin waɗanda alhazai suke dawowa da su daga Makka a da, su kwanta a ƙasan adaka har magada su manta da su. Ya saya, ya buɗe bayansu da ɗan gilashi a ido, ya goge, ya kai wa dillalai a Maraɗi. Ya yi shekara arba'in yana wannan sana'a, bai taɓa ɗaura ko ɗaya a hannunsa ba, don zinariya ba ta halatta ga namiji.

To, wasu agogunan ba batir gare su ba, motsin hannu suke ci. In ana aiki da su suna tafiya, in an ajiye su kwana biyu sai su mutu. Saboda haka matarsa Fatu ce ke ɗaura masa su. Matar da ko ɗan kunne ba ta damu da shi ba, sai ga ta tana shara da abin da zai sayi garken shanu a hannu. Bayan gudun hijira ya sayar da komai, ɗaya bayan ɗaya, sai guda: wani ɗan Suwizalan mai farar fuska, wanda ke hannun Fatu ranar da zazzaɓi ya ɗauke ta, watansu biyu da zuwa. Ana gama zaman makoki ya yi sallama a ƙofar Na'Allah, ya miƙa wa Maijidda shi.

"Ɗiyata, ki ɗaura min wanga. Kak ki sa shi ruwa, kuma kak ki bari shi tsaya."

Shekara uku ke nan tana ɗaure da shi a ƙarƙashin hannun riga. Ita ba ta iya karanta agogo mai hannu ba, lokacinta na wayar mijinta ne da kiran salla. Abin da ta sani kawai, kullum bayan la'asar takan kai wa Baba kunu, ta kwance agogon, ya duba fuskarsa, ya saurara, ya yi ɗan murmushi ya mayar mata. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a damina, wannan ne abin da yake jira a yini, ya fi kunun ma.

Sai ga saƙo daga Isa cewa ƙanwarta na naƙuda. Wace mai hankali ce za ta hau hanyar Isa da zinariya a hannu? Ta ɓoye shi cikin gero, da niyyar su je da safe su dawo da yamma. Suna can 'yan bindiga suka tare hanya wajen wani ƙauye, motoci da babura suka daina fita, sai a rana ta uku suka samu suka biyo ayari.

Yanzu ga ta zaune a bakin buhu, hawaye na zuba.

"Haba, ke kuwa," in ji Na'Allah. "Kawo shi nan." Ya girgiza agogon kamar mai girgiza kwalbar magani, siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa ya motsa, ya kama tafiya. "Kin gani? Ba mutuwa yay yi ba, barci na."

"To lokacin fa? Can baya yat tsaya."

Na'Allah mutum ne da bai taɓa ganin abin da ya gagare shi gyarawa ba, tun daga kan babur har rikicin maƙwabta. Ya zaro waya ya duba, ya ja ɗan maɓallin da ke gefen agogon da farce, ya murza, ya murza, ya danna.

"Daidai da waya, ko minti babu tsakani. Tsoho shina fama da ranshi, mi za ki ƙara mai? Ki kai mai hakanan, ba shi ganewa."

Ta ɗaura, ta dama kunu, tana yi tana kaɗa hannu fiye da yadda damun yake bukata.

Ɗakin Baba na warin man zafi. Ya rame a kwana ukun nan har ta tsorata. Wata tsohuwa ta unguwa, wadda ta riƙa leƙa shi lokacin da Maijidda ba ta nan, ta tashi ta ba ta wuri.

"Kun dawo, ɗiyata? An sauka lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Namiji anka samu."

"Allah shi raya." Ya miƙo hannu, ba wajen kwanon kunu ba.

Ta kwance ta ba shi. Ya kara a kunne, fuskarsa ta saki. Sa'an nan ya juya shi wajen hasken taga, ya matso da shi kusa da ido. A daidai nan masallacin unguwa ya kira la'asar. Baba ya dubi agogon, ya saurari ladan, ya sake duban agogon, ya daɗe.

"Wa yas saita shi?"

Ƙarya ta zo wa Maijidda har baki, ta kasa fitowa. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, da geron, da hanyar, da wayar Na'Allah.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Fatu tas saita shi da rediyo, da safen da ta kwanta," ya ce a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Tun ran nan ban taɓa shi ba. Shina da gaggawa kaɗan, kullum sai shi ƙara. Bana har ya kai in ana kiran azahar, shi shina la'asar." Ya yi tari. "Haka take ita ma. Ko kasuwa za mu, tana gaba ina biye. In na duba sai in ce, to, ga inda Fatu ta kai."

"Baba, ka gafarce ni. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ki sani, ni ban gaya miki ba? Kunya nika ji, tsoho da ni." Ya shafa gilashin da babban yatsa. "Gara da kinka bar shi gida. Da sun gan shi hannunki, da yanzu wata magana muke."

"A mai da shi yadda yake. Ka faɗi, Na'Allah shi murza."

"A'a. Wancan hannunta ne, wanga hannun Na'Allah." Ya miƙa mata. "Aje shi nan bisa taga."

"Za ni ci gaba da ɗaurawa, Baba."

"Kin yi ƙoƙari, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Aje shi, ki huta."

Ta ajiye. Ya kurɓi kunu sau biyu don kada ta ji ciwo, ya juya fuska wajen bango. Ta fita tana jin kamar ita ce ta sake binne masa mata, kuma duk lallashin da Na'Allah ya yi, shi ma da jajayen idanu, bai rage mata komai ba.

Washegari da hantsi Baba Ibrahima ya cika, Na'Allah na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Aka yi wa ɗansa Faruk waya a Maraɗi, ya ce a sallace shi kada a jira, hanya ba ta da tabbas. Maza suka yi masa sutura, suka ɗauke shi bayan azahar.

Matan unguwa suka taru a tsakar gidan Maijidda, ita kuwa ta zame ta koma ɗakin Baba, wai za ta naɗe tabarma. Ta naɗe, ta jingine, ta tsaya a gaban taga. Agogon na nan inda ta sa shi, yana cin ɗan guntun motsin da ta ba shi jiya. Siririn hannun ya zagaya, ya sake zagayawa, ya fara ɗingishi. Ta ɗaga hannu za ta ɗauka, sai ta mayar da shi cikin mayafi ta riƙe da ɗayan.

Hannun agogon ya ɗan yi gaba, ya tsaya. Daga bayan katanga wata mata na tambaya ko ina Maijidda ta shiga.