Yatsun Ƙarfe da Yumɓu

Rodica tana 'yar shekara goma sha takwas aka ba ta gurbin karatun likita a birnin Iași. Ta shigo gida da gudu da albishir, ta tarar da mahaifinta Toader yana wasa lauje a tsakar gida. Shi ne mai wa'azi a 'yar majami'arsu da ke taruwa a ɓoye a gidan wani maƙeri don tsoron gwamnati.

Ko ɗago kai bai yi ba. "Likita? Wa za ki yi wa magani, 'yar nan? Kin manta gunkin nan na mafarkin sarki da annabi Daniyel ya fassara? Kan zinariya Babila ce, ta wuce. Farisa ta wuce, Girka ta wuce, Rum ma haka. Saura yatsun ƙafa, ƙarfe gauraye da yumɓu, su ne Rasha da 'yan korenta. Dutsen da zai murƙushe su yana tafe. Kafin ki gama karatu Almasihu ya dawo."

Ta yi kuka har ta gode Allah, amma ta gaskata shi, kuma wannan ne ya fi cin ranta daga baya. Ta kama aikin tatsar shanu a gonar gwamnati.

Bayan wasu shekaru gwamnatin ta faɗi, daular Rasha ta tarwatse, ba a ji ƙaho daga sama ba. Hunturun nan duka Toader bai yi wa'azi ba. Da ƙanƙara ta narke sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce fahimta ce ta ɗan goce, ashe yatsun nan ƙasashen Turai ne da ke shirin haɗa kai. Kowa ya ce amin. Sa'o'in Rodica suka watse, wasu Italiya, wasu Sifen. Mahaifiyarta ta rasu, gida ya rage daga ita sai tsohon.

Furfura ta riga ta fito mata sa'ad da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta kai shi babban asibiti a Iași. Likitar da ta zo duba shi ta tsaya cak, ta zare tabarau.

"Rodica? Ke ce? Ni ce Doina mana, wadda ke leƙen amsarki a aji! Ai da ba ki zo ba, gurbinki aka ba ni. Kullum ina cewa ko ina kika shiga."

Rodica ta ɓoye hannayenta masu kaushi a cikin mayafi. "Ina nan gida."

Toader ya kama hannun rigar likitar, bakinsa a karkace. "'Yata, duk wannan benen naku rushewa zai yi. Lokaci ya yi kusa."

"To, Baba, kafin ya rushe ka dinga shan maganinka," in ji Doina tana dariya.

Da aka sallame su, Rodica ta tuƙa masa tuwon masara, ta barbaɗa cuku, ta zauna tana ba shi a baki. Rabi na shiga, rabi na zubowa.

"Baba, ka gane ta?" ta ce. "Kujerata take zaune a kai."

"Na gane ta."

"Ba ka da abin da za ka ce mini?"

Ya daɗe yana tauna. Ta zuba masa ido, cokali a hannu. Kalma ɗaya tak take so.

"Hikimar Ubangiji ke nan," ya ce. "Da kin tafi, wa zai kula da ni yanzu?"

Ta ajiye kwanon, ta fita ta tsaya bakin rijiya har sanyi ya ratsa ta. Can ta ji yana kiranta, wai ta zo ta kunna masa rediyo, an ce yaƙi ya ɓarke a gabas, yana so ya ji ko su waye. Ta koma ta kunna masa, ta goge masa haɓa.