Larabar Dare

Yaya Nuan ta fi shekara talatin tana tsara hasken gine-ginen Bangkok, ni kuma rabin wannan lokacin ina biye da ita da tsani da wayar wuta. Mace ce mai wuyar sha'ani. Ƙwan fitila ɗaya ya karkace a jikin bango, sai ta hana kowa cin abinci har a gyara. Na sha yin niyyar barin ofishinta, amma duk garin nan ban ga wanda ya san haske kamarta ba.

Shekarar da muka samu aikin sabon dogon benen wani attajiri, Sia Prasong, a titin Sathon, likita ya gaya mata ciwon ido ya cinye gefen ganinta, tsakiyar ma ba za ta daɗe ba. Ni kaɗai ta faɗa wa, shi ma don na kama ta tana laluben kofin shayinta. Ta ce wannan ne aikinta na ƙarshe, kuma ba ta roƙon komai illa ta tsaya daga nesa ta gan shi a kunne da idonta.

Ba ta son hasken nan mai kashe ido da attajiranmu ke so. Ruwan goro ta zaɓa, mai laushi kamar na aci-balbal, ya yi ƙarfi a ƙasa, ya riƙa raguwa har saman benen ya narke cikin sama. Ta ce mutanen lungunan baya ma su samu su yi barci taga a buɗe. Ƙwayayen da ke sauya launi kuwa ta ƙi su ƙememe, wai na gidan rawa ne.

Ba wanda ke haska ginin attajiri bai tambayi ranar haihuwarsa ba, don kowace rana da launinta na arziki da na tsiya. Yaya Nuan ta tambayi sakatariyar Sia Prasong, aka ce Laraba. Mai Laraba ruwan hoda yake gudu, ruwan goro ba ruwansa. Sia Prasong ya ga zane ya yaba. Shi a waje ya yi karatu, dariya yake wa irin waɗannan abubuwa, amma ko tari uwarsa ta yi sai ya miƙe tsaye.

A ƙa'idar aikinmu, ranar gwaji ita ke tsayawa can kan gadar masu tafiya da ƙafa riƙe da oba-oba, tana ba da umarni, ni ina cikin gini wajen makunni. Ana dab da faɗuwar rana aka aiko cewa maigidan na tafe da mahaifiyarsa. Ba a barin na ƙasa ya tarbi irin waɗannan baƙi, don haka muka yi musaya.

"Je ka gano mini, Mod," in ji ta. "Kada ka tsaya cin ayaba, na san halinka. Ni zan gani idan sun tafi."

Ina kan gadar aka kunna. Ban iya kwatanta abu ba, amma mai gasa ayabar da ke gindin gadar ya bar fifita gawayinsa, 'yan acaɓa masu jiran fasinja suka ɗaga kai gaba ɗaya. Benen ya tsaya shiru kamar garwashin da ba ya ƙona kowa. Na yi ta kiranta a oba-oba, ba amsa. Hoto ɗaya kawai na ɗauka, sai komai ya mutu ɗif.

Masu gadi ne suka ba ni labari. Tsohuwar, da kowa ke kira A-ma, tana kan keken guragu, ta dubi hasken da ke jikin ginshiƙan ƙofa, ta tambayi wa ya zaɓi launin. Yaya Nuan ta matso ta ce ita ce, kuma ta bincika, Laraba aka haife shi.

"Wace Larabar?" in ji A-ma. "Ni na haife shi, ba sakatariya ba. Bayan faɗuwar rana ya zo. So kike ki binne mini ɗa da ransa?"

Laraba biyu ce a lissafinmu, ta rana da ta dare, ɗan makaranta ma ya sani. Wanda aka haifa a ta dare, ruwan goro ne launin tsiyarsa. Mu da muke ganin mun ƙware, ba wanda ya tuna ya ƙara tambaya ɗaya, kuma har yau abin yana cina.

Yaya Nuan, wadda ban taɓa ganin ta rusuna wa ɗan kwangila ba, ta durƙusa ta haɗa tafukan hannu ta ba da haƙuri. Ta roƙi a bar wutar gwargwadon yadda za ta tsallaka titi ta juyo. Tsohuwar ta ce ko numfashi ɗaya ba za a ƙara ba. Sia Prasong ya sunkuyar da kai, ya ɗaga wa mai makunni hannu.

Tunda ƙwayayen launi ɗaya gare su, sai da aka kwance su duka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu ɗin dai muka ɗaura farare ƙal da mai yi wa A-ma duba ya zaɓa. Yaya Nuan ta tsaya a kan aikin har ƙarshe, ba ta bar ko ɗaya a karkace ba.

Ranar buɗewa ba ta shiga taron ba. Muka zauna wajen mai miyar taliya a tsallake, ta juya wa benen baya. Na miƙa mata hoton ranar gwaji, ta kawo wayar kusa da hanci, ta nisantar, ta mayar mini. Ta ce dusu-dusu kawai take gani, in faɗa mata da baki. Na faɗa mata iya iyawata, har da mai ayaba.

"Saman fa? Ya narke?"

"Ya narke, Yaya. Ba a sanin inda gini ya ƙare."

Ta daɗe tana juya cokali a miyar da ta huce. Da muka tashi, farin hasken ya doki fuskarta, ta runtse ido, ta tsaya cak a bakin titi.

"Riƙe ni, Mod," ta ce. "Ba na ganin hanya."