Littafin Ruwan Herr Kneisel

"Ba haka ake riƙe ta ba! Ɗaga ta daidai idonki!"

Daga tagar hawa na biyar muryar Herr Kneisel ta fito, a shaƙe, tari na bin bayanta. Frau Opitz ba ta ɗaga kai ba. Tana tsaye cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar bayan gida, kwat a kan rigar barci, kwalbar awo a hannunta. Ruwan da ke ciki bai fi kurɓi biyu ba.

"Biyu da ɗigo huɗu!" ta ce da ƙarfi.

"Kin karkata ta. Daga nan ina ganinki."

"To sauko ka karanta da kanka mana!"

Nan take ta ji babu daɗi a ranta, domin sati uku ke nan ƙafar Herr Kneisel ba ta taka matattakala ba. Ta daidaita kwalbar, ta sake dubawa. Biyu da ɗigo uku ne. Tsohon ya fi ta gaskiya.

Shekara talatin da tara ke nan yana auna ruwan saman garin Gera. Tun da ƙurar ramin haƙar ma'adinai ta cinye masa huhu aka sallame shi, ya kafa sanda a bayan gidan, ya rataya gwangwani. Kullum bakwai saura minti goma na safe zai sauko, ya juye abin da sama ta bayar a kwalba, ya rubuta a littafi, ƙarshen wata ya aika wa ofishin kula da yanayi. Ranar da aka binne matarsa sai da ya auna kafin ya sa baƙar kwat. Shekarar da kogin Elster ya cika ya shiga gari ma ya auna.

A da, ƙofa goma sha biyu ce a matattakalarsu, kowacce da takalman yara jibge a bakinta. Da aka rufe masaƙa da sauran ma'aikatu, mutane suka riƙa ɗaure kaya suna yin yammacin ƙasar, gida bayan gida. Benen da ke fuskantar nasu katafila ta kwashe shi, aka shuka ciyawa a wurin. Yanzu ƙofa biyu kacal ke buɗewa a gidan: tata a hawa na biyu, tasa a na biyar. Shekara talatin da ɗoriya suna haɗuwa a matattakala, ba wanda ya taɓa kiran wani da sunan yanka. Abin da ke haɗa su bai wuce rigimar sharar Asabar ba, don in ta share, sai ya bi ƙarfen dafa hannu na matattakalar da yatsa yana neman ƙura.

Wata safiya cikin watan Nuwamba ta buɗe ƙofa ta tarar da shi zaune a kan matattakala, rungume da gwangwanin, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Frau Opitz, roƙo nake da shi," ya ce bayan numfashinsa ya ɗan dawo. "Littafin nan ba shi da giɓi. Ko na kwana ɗaya."

"Ni da gwiwoyin nan nawa?"

"Gwiwoyinki sun fi huhuna."

Washegari dai ta sauka.

Yau ma, da ta gama, ta haye saman tana tsayawa a kowane hawa. Ta tarar da shi a kicin, robar iskar numfashi a hancinsa, ya buɗe littafin ya ajiye fensir a tsakiya. Littattafan baya na jere a kan kanta, duk masu koren bango, kowanne da shekararsa.

"Biyu da ɗigo uku," ta ce ba tare da ta dube shi ba.

"Au, ashe ya ragu a hanya."

"Ka ci gaba. Gobe sai ka nemi wata baiwar."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ta zuba musu kofi, ta yanka masa burodi ƙanana. Daga tagar ana hango gari kwance cikin kwari, hazo ya rufe kogin, sai kan coci da dogayen bututun hayaƙi da suka daɗe da mutuwa.

"Garin nan rowar ruwa gare shi," in ji shi. "Duwatsun can ne ke tatse hadarin kafin ya iso, mu sai ragowa. Amma dubi na bara. Dubi na bara waccan. Da ba haka yake ba. Mutane suka tafi, ruwan ma ya bi su."

"To ranar da ba a yi ruwa ba, sai in huta ke nan."

"Ina! Ranar ce ma ba a wasa da ita. Za ki sauka, ki buɗe, ki gani da idonki babu, ki zo ki ja layi. In an bar wurin fayau, wa ya san ko ruwa ne bai zo ba ko mutum ne bai zo ba?"

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a makon farko na Disamba. Ya koya mata: gwangwani biyu ne, a cire mai dusar a rataya wanda babu komai, a hau da shi sama a rufe, a bar dusar ta narke don kanta. Ita kuwa da ta ga abin zai ci lokaci, sai ta faki idonsa ta ɗora gwangwanin a kan murhu.

"Frau Opitz! Miya kike dafawa?"

"Sauri nake, ina da wanki."

"Rabinsa zai bi tururi! Shekara talatin da tara ban dafa ruwan sama ba, sai yau a kicin ɗina!"

Ranar a fusace ta sauka, har da buga ƙofa. Da la'asar ta dawo da tukunyar miyar dankali, ta dire masa a tebur. "Ga wadda ake dafawa," ta ce. Ya sha cokali biyar, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Bayan Kirsimeti ya daina iya zama a kicin. Doreen, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa safe da yamma, ta yi masa maganar asibiti, ya nuna mata takardar da ya riga ya sa wa hannu: a gadonsa zai ƙare. Aka ba Frau Opitz makulli. Suka yi da shi cewa in yana nemanta, ya buga bututun ɗumama ɗaki da sandarsa, ƙarar za ta sauko har ɗakinta ta cikin gidajen da babu kowa. Ɗansa Torsten, da ke aiki a Stuttgart, ya ce yana tafe ranar Asabar.

Ranar Alhamis, shida da 'yan mintuna, bututun ya yi ƙara sau biyu, a raunane.

Ta same shi jingine da filo uku, numfashi na fita kamar ana jan zarto cikin jiƙaƙƙen itace. Ta buga wa Doreen waya. Doreen ta ce ga ta nan, amma dusa ta kwana tana zuba, ba a share hanyar da ke hawowa unguwar ba tukuna. Frau Opitz ta ja kujera ta zauna. Ba ta taɓa riƙe hannunsa ba. Ta riƙe. Sanyi ƙalau, ba nauyi.

Can sai ta lura ba ita yake kallo ba. Agogon bango yake kallo.

"Saura... ashirin," ya ce.

"Na gani."

"Je ki."

"Ba inda za ni."

"Frau Opitz."

"In Doreen ta zo sai in sauka. Ƙarfe takwas, ƙarfe tara, duk ɗaya ne. Wa zai sani?"

Ya daɗe yana tattaro iska. "Ni," ya ce.

Ta dubi fuskarsa. Ta ga mutuwar mijinta, ta ga ta uwarta, ta san abin da take gani. In ta sauka, da waɗannan gwiwoyi, hawa biyar zuwa hawa biyar dawowa, minti ashirin ne ba ragi. Shi kuwa ya zare hannunsa daga nata a hankali, ya tura yatsunta wajen ƙofa.

"Taurin kai kamar jaki," ta ce. "Ka jira ni. Ka ji ko? Kada ka kuskura."

Ta ɗauki gwangwanin da babu komai ta fita.

Gari bai gama wayewa ba. Dusa ta kai mata ƙauri, ba sawun kowa sai na hankaka. Daga gangare ta ji ƙararrawar jirgin ƙasan cikin gari na farko. Ta caka sandar awon zurfin dusa wuri uku yadda ya koya mata, ta cire gwangwanin da ya cika ta rufe, ta rataya ɗayan. Bakwai saura minti goma daidai. Ta ɗaga kai. A duk faɗin benen taga ɗaya ce ke da wuta, kuma ba kowa a jikinta.

Ba ta huta a kowane hawa ba wannan karon. Tun daga bakin ƙofa ta ji na'urar iska na ta hurawa ita kaɗai, ba zarton nan a bayanta.

Kansa ya ɗan karkata wajen taga. Ta ajiye gwangwanin a kan teburin gefen gado, ta shafa idanunsa ta rufe, ta kashe na'urar. Ɗakin ya yi shirun da ba ta taɓa jin irinsa ba a gidan. Ta koma kan kujerar, kwat ɗinta na ɗiga a ƙasa, ta zauna jiran dusa. Ba ta kai gwangwanin kusa da wuta ba. Sai wajen takwas da rabi ta gama narkewa. Ta juye a kwalba, ta ɗaga daidai idonta.

"Tara da ɗigo ɗaya, Herr Kneisel," ta ce. "Ban karkata ba."

Tana rubutawa Doreen ta shigo.

Torsten ya zo ranar Asabar kamar yadda ya ce, mutum mai furfura da gajiyar hanya a ido. Bayan an ƙone gawar mahaifinsa an binne tokar, ya ɗauki kwana biyu yana kwashe ɗakin. Frau Opitz ta hau ta same shi tsugune gaban kantar yana zuba korayen littattafan a kwali.

"Na wannan watan ba a aika wa ofishin ba," ta ce. "In ka ba ni adireshin, ni sai in aika."

Ya dube ta da mamaki. "Wane ofishi? Frau Opitz, ai sun daina karɓa tuntuni." Ya laluba cikin wani littafi ya zaro wasiƙa da ta yi ja don tsufa. "Ga ta. Shekara goma sha ɗaya. Sun kafa na'ura a bayan gari mai aunawa da kanta. Har takardar godiya suka ba shi."

Ta karanta sau biyu.

"Ya san da wannan?"

"Shi ya karanta mini ita a waya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Doreen ta ce kina tare da shi har ƙarshe. Na gode. Abin da ya fi damuna ke nan, a ce shi kaɗai ne."

Ta ninke wasiƙar yadda take, ta miƙa masa.

"Na bana kada ka sa shi a kwalin," ta ce. "Bai cika ba."

Motarsa ta tashi ranar Talata da rana. Tun daga nan bututun ɗumama ɗaki bai ƙara yin motsi ba.

Laraba ta waye da sanyi mai tsanani, sama tas, ba gajimare ko ɗaya. Bakwai saura kwata Frau Opitz na zaune a bakin gado, takalmi ƙafa ɗaya a saye, ɗaya a hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta sa ɗayan.

A bayan gida dusar ta daskare, tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Sawunta na kwanakin baya na nan, ya yi 'yar hanya daga ƙofa zuwa sandar. Ta buɗe gwangwanin ta leƙa. Ba ko ɗigo. Ta juya shi a kan kwalbar duk da haka, ta ɗan jira. Can ƙasa hazo na kwance a kan kogi, fitilun gari na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro koren littafin daga aljihun kwat, ta hura yatsunta, ta dafa shi a jikin sandar, ta ja ɗan gajeren layi a gaban ranar.